Shekarar da Haƙƙin Mallakar Maganinmu Ya Ƙare

Mafi yawan ƙuruciyata na yi ta ne a bakin ƙofar ofisoshin likitoci, riƙe da jaka cike da takardun bincike, ina jiran a sallami marasa lafiya in samu 'yan mintuna. Wakilin wani babban kamfanin harhaɗa magunguna ne ni a lokacin, kuma aikina guda ne: in gamsar da likita cewa idan mai hawan jini ya zauna a gabansa, sunan maganinmu ya kamata biro ya rubuta. Ba zan faɗi sunan kamfanin ko na maganin ba. Sun biya ni haƙƙina, mun rabu lafiya, kuma abin da ya same mu ya sami ɗaruruwan magunguna kafin namu da bayansa.

Kimiyyar harhaɗa magunguna na karanta, amma ban daɗe a bayan kantar sayar da magani ba aka ɗauke ni wannan aiki. Alhamdulillahi, a cikinsa na yi aure, a cikinsa na sa yara makaranta. Duk ƙarshen wata akwai takardar da ake turo mana mai nuna, a cikin kowace takardar likita ɗari da aka rubuta ta wannan rukunin magani a yankina, nawa ne ke ɗauke da sunanmu. Wannan lamba ita ce kasonmu a kasuwa, kuma a kanta ake lissafin alawus, a kanta ake yabo ko faɗa. Har matata ta san ta. Idan na shigo gida da fara'a sai ta ce, "Maigida, yau lambar ta hau ke nan?"

Maganin nan mai kyau ne, har gobe ina faɗin haka. Ƙwaya ɗaya a rana, bai cika damun mutane da illa ba, kuma kamfanin ya kashe dukiya mai yawa wajen gwada shi a kan dubban mutane kafin hukuma ta amince. Ban taɓa jin ina sayar da ƙarya ba. Na haddace binciken kamar karatun jarrabawa, na san wane likita ne ke son a nuna masa jadawali, wane ne ke son a taƙaita, wane ne kuma ba ya son ganin irinmu sai an bi ta hannun ma'aikaciyar jinyarsa. A hankali sunan maganin ya zauna a bakin likitoci, har ƙananan likitoci masu koyon aiki suna rubuta shi don sun ga manyansu suna yi.

Sai dai akwai wata rana da kowa a kamfanin ya sani tun kafin a ɗauke ni aiki, ranar da haƙƙin mallakar ƙirƙirar maganin zai ƙare. Wannan haƙƙi shekara 20 ne, kuma ana fara ƙirgawa tun ranar da aka shigar da takardar neman sa, lokacin da sinadarin yana ɗakin gwaji. Gwaje-gwaje da jiran amincewar hukuma kan cinye kaso mai tsoka, don haka abin da ke rage wa kamfani na cin kasuwa shi kaɗai sau da yawa shekara goma ne da 'yan kai. A cikin waɗannan shekaru ba wanda ya isa ya yi irin sinadarin ya sayar. Da zarar sun cika, duk kamfanin da ya cika sharuɗɗan hukuma zai iya fito da nasa da sunan sinadarin, wato abin da muke kira jenerik.

Sharuɗɗan kuwa ba su kai nauyin waɗanda aka ɗora wa mai ƙirƙira ba, kuma da gangan aka yi hakan. A Amurka dokar Hatch-Waxman ta 1984 ce ta buɗe wannan hanya, ƙasashe da dama kuma suna da makamanciyarta. Mai jenerik ba sai ya sake gwada maganin a kan dubban marasa lafiya ba. Abin da ake nema ya nuna shi ne ƙwayarsa tana ɗauke da sinadari iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma tana shiga jini daidai gwargwadon yadda ta asali ke shiga. Ana yin wannan gwaji a kan 'yan gomomin mutane masu lafiya. Shi ya sa kuɗin da zai kashe bai kama ƙafar na kamfanin asali ba, shi ya sa kuma zai iya karya farashi ya ci riba.

Na tuna wani abokin aikina da muka shiga tare wajen wani dattijon likitan zuciya. Abokin nawa ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ka san dai jenerik an yarda ya gaza na asali da kashi 20 cikin 100." Dattijon ya cire tabarau ya dube shi, ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?" Sannan ya zauna ya warware mana. Iyakar nan ta kashi 80 zuwa 125 cikin 100 da ake ambata wajen kwatanta jenerik da na asali, ba ta yawan sinadarin da ke cikin ƙwaya ba ce. Iyaka ce ta lissafi a kan yadda maganin ke shiga jini, kuma sai duk tazarar sakamakon ta faɗa cikinta, wanda ke tilasta matsakaicin ya matso dab da na asali. Daga baya na karanta cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta duba gwaje-gwaje sama da 2,000 na tsakanin 1996 da 2007, ta tarar matsakaicin bambancin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. Wannan dattijo yana cikin masu rubuta maganinmu fiye da kowa a yankina, kuma ko a ranar bai ɓoye mana ba cewa in jenerik ya fito ba zai hana majinyatansa ba.

A ƙarshen 2011 duk wanda ke wannan sana'a idonsa na kan Lipitor, maganin rage kitsen jini na kamfanin Pfizer. A 2006 cinikinsa ya kai kusan dala biliyan 12.9 a shekara, babu maganin da ya kamo shi a duniya a lokacin. Ranar 30 ga Nuwamba 2011 kariyarsa ta ƙare a Amurka. Kamfanin Ranbaxy na Indiya, wanda ya fara ƙalubalantar haƙƙin mallakar, shi doka ta ba kwana 180 na shiga kasuwa kafin sauran, sai kuma Watson da ya fito da jenerik da izinin Pfizer kansa. Pfizer bai naɗe hannu ba. Ya raba wa majinyata katin rangwame da ke sa su biya dala 4 kacal daga aljihunsu a wata, ya ƙulla yarjejeniya da masu kula da inshorar magani don su ci gaba da bayar da na asali. Da wannan ya riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku na kasuwar a waɗancan watanni shida, abin da aka ɗauka a matsayin bajinta. Da kwanakin suka cika a ƙarshen Mayun 2012, kamfanoni suka yi ca, farashi ya zube. Cinikin Lipitor da ya kai dala biliyan 9.6 a 2011 ya koma biliyan 3.9 a 2012.

Manajanmu ya kawo wannan labari a wani taron horo, yana so ya ƙarfafa mana gwiwa da cewa ana iya yaƙi. Ni dai abin da na ɗauko daga taron daban ne. Idan mai kuɗin Pfizer ya yi duk wannan ya ƙare a haka, mu da me za mu tare?

Da tamu ranar ta zo, ba a ofishin likita aka ci mu ba, kuma wannan ne abin da ya fi ɗaure mini kai a farko. Ina zagayawa kamar kullum, likitoci suna karɓa ta da fara'a, wasu har su nuna mini takardar da suka rubuta sunanmu a kai. Amma lambar ƙarshen wata sai gangarawa take yi. Manyan asibitoci su suka fara fita. Su suna sayen magani ne ta hanyar neman tayi, kwamiti ya zauna, a duba wanda ya cika sharaɗin inganci kuma ya fi sauƙi, a ba shi kwangilar shekara. Zama ɗaya, asibiti guda ya fita daga hannunmu gaba ɗaya, ko da likitocinsa hamsin suna ƙaunarmu. Sai masu inshora suka biyo baya, suka ce jenerik za su biya, wanda ya nace sai na asali ya cika ragowar da kansa.

Sauran kuma a kantunan sayar da magani aka gama da mu. Na je wajen wata mai harhaɗa magunguna da muka yi karatu tare, na ce, "Hajiya, likita ya rubuta namu, ya aka yi mutum ya tafi da wani?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, kai ma ka san ƙa'ida. In likita bai rubuta cewa kada a musanya ba, ina da damar ba da mai sinadari iri ɗaya. Mutum ya tsaya a gabana yana lissafin abin da ke aljihunsa, in ce masa ga mai tsada ga mai sauƙi, aikinsu ɗaya, wanne kake zato zai ɗauka?" Ta kuma faɗa mini abin da ba a koya mana a taron horo ba, cewa ribar da kanti ke samu a kan kwalin jenerik sau da yawa ta fi wadda yake samu a kan namu, duk da arharsa. Mai biya yana so, mai sayarwa yana so, majinyaci yana so. Likitan da na shafe shekaru ina bi shi kaɗai ne ba ruwansa da farashi, kuma ba shi ke miƙa kwalin ba.

Yawan masu shigowa shi ke ƙaddara zurfin faɗuwar. Wani nazarin FDA na 2019 ya nuna cewa idan jenerik ɗaya ne a kasuwa, farashinsa kan gaza na asali da kusan kashi 39 cikin 100. In sun zama biyu, kusan kashi 54. In sun kai shida ko fiye, ragin kan haura kashi 95. Mun ga irin wannan da idonmu. Lokacin da abokin hamayya ɗaya ne, muna ɗan numfashi, don shi ma ba ya son ya karya farashi fiye da kima. Da suka yi yawa sai suka koma yaƙar junansu, mu ma aka manta da mu.

Wata rana na kasa haƙuri na tambayi manaja, "Yallaɓai, me zai hana mu ma mu rage farashi mu riƙe mutanenmu?" Ya jawo takarda ya yi mini lissafi. Ko mun rage rabi, in ji shi, wani zai sauka ƙasa da mu washegari, domin shi ba ya ɗauke da ɗakunan bincike da rundunar wakilai irinmu. Za mu rasa rabin kuɗin da masu riƙe da mu ke biya, kuma waɗanda suka tafi ba za su dawo ba. Ga shi kuma ƙasashe da yawa suna leƙa farashin maƙwabtansu kafin su yanke nasu, don haka ragi a wuri ɗaya yana iya bin kamfani zuwa wurare goma. Gara a bar farashi a sama a ci daga 'yan kaɗan da suka rage. A ranar na ji haushin amsar, amma lissafin daidai yake, kuma haka mafi yawan kamfanonin asali ke yi.

An gwada wasu dabaru. Tun kafin ranar ta zo aka fito da sabuwar ƙwaya da ta haɗa sinadarinmu da maganin sa fitsari, aka ce mu karkatar da likitoci zuwa gare ta don tana da sauran kariya. Wannan tsohuwar hanya ce. AstraZeneca ya yi ta da nasara a 2001, lokacin da ya janyo masu shan Prilosec, maganinsa na gyambon ciki, zuwa sabon makamancinsa Nexium kafin jenerik ɗin na farkon ya iso. Akwai kuma kamfanonin da ke biyan mai jenerik don ya jinkirta fitowa, abin da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2013, a shari'ar Actavis, ana iya tuhumarsa a ƙarƙashin dokar hana danniya a kasuwa. Tamu haɗaɗɗiyar ƙwayar ta ɗan taimaka, amma masu inshora suka lura cewa ƙwayoyi biyu na jenerik sun fi ta sauƙi nesa ba kusa ba.

Daga nan aka daina kashe kuɗin talla a kan maganin. Dalilin a fili yake: duk likitan da na gamsar ya rubuta shi, cinikin wani kamfani na ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a daɗe ba aka tara mu aka ce za a rage ma'aikata. An mayar da wasu ɓangaren magungunan ciwon daji, ni ina cikin waɗanda aka sallama da haƙƙoƙinsu. Watannin da suka biyo baya sun yi nauyi, ba zan tsawaita a kansu ba. Matata ta riƙe gidan da albashinta na koyarwa, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, Allah ya saka mata da alheri.

Abin da na fi samun lokacin tunani a kansa a zaman nan shi ne waɗanda suka ƙi barin maganinmu. Ba su da yawa, amma ba wawaye ba ne. Akwai tsofaffin da suka saba da launin ƙwaya da siffarta, in an canza sai su rikice su sha biyu ko su daina. Akwai kuma masu tsoron jabu, kuma tsoronsu yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ko jabu ne ko marasa inganci. Shi kansa Ranbaxy ya amsa laifi a Amurka a 2013 kan maganar inganci da bayanan ƙarya, ya biya dala miliyan 500. A 2018 aka janye magungunan hawan jini na valsartan daga ƙasashe da dama saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a kayan da wata masana'anta a Sin ta samar. Duk inda mutane ba su amince da hukumar da ke sa ido ba, kuma daga aljihunsu suke biya, sunan kamfani yana zama musu shaidar inganci, sai na asali ya daɗe yana cin kasuwa bayan haƙƙin mallakarsa ya ƙare.

Lipitor ma ya nuna haka. Shekaru bayan ya faɗi a Amurka, yana nan yana kawo kusan dala biliyan 2 a shekara, kaso mai yawa daga Sin, inda ake ganin girman na asali. Sai da gwamnatin Sin ta fara sayen magani a dunƙule ta hanyar neman tayi a ƙarshen 2018, kamfanin gida ya ci kwangilar, sannan ya fara rasa asibitocin can. A 2020 Pfizer ya haɗe ɓangaren tsofaffin magungunansa da Mylan, babban kamfanin jenerik, aka kafa Viatris, Lipitor ya koma can.

A wannan tsakani ne likita ya ɗora mahaifiyata a kan sinadarin da na yi shekaru ina talla. Ni na je na sayo, kuma jenerik na ɗauka, na wani kamfani da na san tarihin masana'antarsa. Ta juya kwalin ta ce, "Wannan ba irin wanda hotonsa ke jikin jakarka ba ne." Na ce, "Inna, shi ne, riga kawai ya canza." Jininta ya daidaita. Kuma da na duba alƙaluman rukunin gaba ɗaya daga baya, na ga masu shan sinadarin sun fi na zamaninmu yawa. Kasonmu ne ya mutu, maganin kuwa ya kai ga mutanen da a da ba sa iya sayensa. Ina jin zafin rasa aikina, amma ban iya cewa tsarin ya yi kuskure ba. An ba kamfani shekarunsa ya mayar da kuɗinsa har da riba mai yawa, wa'adi ya cika.

Ba kowane magani ne ke faɗuwa da wannan sauri ba. Waɗanda ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai suna da wuyar kwaikwayo, kuma ba kasafai kanti ke da damar musanya su kai tsaye ba. Humira, maganin amosanin gaɓɓai na kamfanin AbbVie, ya samu abokan hamayya a Turai tun Oktoban 2018, amma tarin haƙƙoƙin mallaka da sasantawa a kotu suka tsare masa Amurka har Janairun 2023. Cinikinsa ya sauka daga dala biliyan 21.2 a 2022 zuwa 14.4 a 2023, sai dai mafi yawan ragin daga rangwamen da ya yi wa masu inshora ne, majinyata kuwa kusan duk suna hannunsa a shekarar farko. Sai a Afrilun 2024, da CVS Caremark, ɗaya daga cikin manyan masu kula da inshorar magani a Amurka, ya cire shi daga manyan jerin magungunan da yake biya, sannan masu kwaikwayonsa suka samu shiga ta sosai. Nan ma mai biyan kuɗi ne ya buɗe ƙofar.

Allah cikin ikonsa, yanzu ina ɓangaren sayen magunguna na wani asibiti, wato ina zaune a irin kwamitin da ya fara kayar da mu. Wakilai matasa suna zuwa da jakunkunansu, ina ba su kujera da ruwa don na san zafin tsayuwar. Abu na farko da nake dubawa a kan kowane magani mai tsada shi ne shekarar da kariyarsa za ta ƙare, don kada mu ɗaure kanmu da doguwar kwangila ana gab da samun sauƙi. Akwai 'yan magunguna, irin na farfaɗiya da na tsinka jini da na maƙoƙo, da nake nacewa a bar majinyaci a kan kamfani ɗaya, ko na asali ko jenerik, saboda ɗan bambanci kaɗan yana iya taɓa shi.

Matsalar da nake fama da ita yanzu ta ɗaya gefen ce. Idan farashi ya faɗi ƙasa sosai, masu yin maganin sukan fara janyewa ɗaya bayan ɗaya don ba riba, har a wayi gari saura biyu ko uku. In masana'antar ɗaya ta samu tangarɗa, sai magani ya yanke. Ya faru da mu a kan wata allura, muka koma neman na asali a tsohon farashinsa, shi ma da ƙyar, don kamfanin ya daɗe da rage yawan abin da yake samarwa. Tun daga nan nake ba da shawarar a raba kwangilar muhimman magunguna tsakanin kamfanoni biyu, ko da na biyun ya ɗan fi tsada. Shugaban sashen kuɗi bai gamsu ba tukuna. Ya amince mu gwada a kan alluran ɗakin tiyata da na sashen gaggawa, sauran kuma ya ce sai ya ga lissafin ƙarshen shekara.